Ma'aunin Annoba da Amanar Ƙidaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya wa kowane abu gwargwado, Ya saukar da cuta, Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, tambaya biyu masana annoba suke yi wa kowace cuta: yaya saurin yaɗuwarta, kuma yaya tsananinta ga wanda ta kama? Amsoshin ba lallai su tafi tare ba. Mai ƙyanda ɗaya kan harbi mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da rigakafi, amma akasarinsu suna tashi. Mai Ibola kuwa, a matsakaicin lissafi, mutum biyu ko ƙasa da haka yake harba, sai dai kusan rabin waɗanda ta kwantar ba sa tashi.

Mu duba sanƙarau, wanda yankinsa ya ratsa ƙasashe 26, daga Sanagal har Habasha, da ƙasar Hausa a tsakiya. Yakan taso da ƙurar hunturu, ya yi ƙamari da zafin bazara, ya lafa idan damina ta sauka. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, sama da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Idan aka raba mamata da waɗanda suka kamu, sai a samu kimanin mutum ɗaya cikin goma. Wannan shi ne awon tsanani.

Awon yaɗuwa kuwa mako-mako ake yin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya haddi biyu: sabon kamu 3 cikin mutum 100,000 a mako guda faɗakarwa ce, 10 kuma annoba ce, sai a hanzarta allurar rigakafi. Ke nan a gunduma mai mutum 50,000, majinyata biyar a mako guda sun isa a kai haddin annoba.

Daga ina adadin yake fitowa? Daga rajistar ƙaramin asibitin ƙauye, inda ma'aikacin lafiya ke rubuta yaron da aka kawo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura. Akan ɗebi ruwan ƙashin baya a kai ɗakin gwaji, domin a gane nau'in ƙwayar. Da wannan binciken aka ga nau'in A ya ja da baya bayan allurar MenAfriVac da aka fara a 2010, aka kuma ga nau'in C ya taso a Nijar a 2015, da Zamfara da Sakkwato a 2017.

A nan amana ta hau wuyanmu. Idan an ɓoye yara biyu a cikin ɗaka, biyar ta koma uku, ba za a kai haddin annoba ba, allura ta makara. Idan an binne mamaci ba a sanar ba, cutar za ta bayyana da sauƙin da ba ta da shi. Jami'in da ya rage adadi don gudun jin kunya daidai yake da mai tauye mudu, illa dai shi rayuka yake tauyewa.

Ƙidaya ba ta karo da tawakkali. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da labarin annobar Sham ya iske shi a hanya, a wurin da ake kira Sarg, ya shawarci sahabbai, sannan ya juya da jama'a Madina. Ingantaccen labari ne ya ba shi damar yanke hukunci.

Don haka wajibin uba ya kai majinyaci asibiti da wuri, na mai unguwa da liman su sanar, na hukuma ta faɗi adadi yadda yake. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare mu daga annoba. Allah ne Mafi sani.