Mu Nuna wa Yara Aikin Hannun Allah

Waɗansu iyaye sukan kai 'ya'yansu Jos su ga gidan ajiyar kayan tarihi da aka buɗe a 1952, da namun dajin da ke kusa da shi. Madalla. Amma mu manoman Funtua da Malumfashi ba kullum muke da kuɗin mota ba, ga kuma cirar auduga. Duk da haka ba mu da hujja.

Ran Lahadi bayan sujada, in wurin da lafiya, mu kama hannun ƙanana mu zaga bayan gari ko bakin ruwan Mairuwa. Mu tsaya gindin gawo mu tambaye su, don me yake kakkaɓe ganyensa da damina, sa'ad da sauran itatuwa suke kore? Su ga yadda dawa take samun rana a ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki, da rani kuma awaki su sami inuwa da 'ya'yansa. Wa ya shirya wannan?

Mu nuna musu shamuwa. Daga kudancin Afirka take tasowa, ta iso gab da ruwan fari, ba wanda ya aika mata. Da ita Annabi Irmiya ya kunyata mutanensa (Irmiya 8:7), gama tsuntsuwa ta san lokacinta, su kuwa sun jahilci shari'ar Ubangiji.

Abin tausayi, yaranmu da yawa ba su taɓa ganin gauraka ba, sai labari. Gatarin masu gawayi kuwa ko kaɗanya bai bari ba. Saboda haka kada mu jinkirta. A tafi da tsoho ko tsohuwa, gama su ne suka san sunayen. A riƙe goran ruwa, a komo kafin faɗuwar rana.