LADAN ƊAN ƘODAGO BASHI NE

A karanta Kubawar Shari'a 24:14-15 da Yaƙub 5:1-6.

A ƙasar Gumel idan kaka ta yi, aiki ya kan fi hannu yawa. Daga Sule Tankarkar har Gagarawa ana yankan gero, ana kakkaɓe riɗi, ana cirar zoɓo. Ran Alhamis kuwa kasuwar Maigatari ta kan cika da shanu da raƙuma, 'yan dako suna ta lodi har dare. Dukiya mai yawa ta kan bi ta hannun waɗannan mutane, amma kaɗan ta ke kwana a gidajensu. Allah yana da magana a kan wannan, kuma da mu masu bi ya ke yi. Mu lura da abu huɗu.

Na fari, lada bashi ne. Cikin Shari'ar Musa Allah ya umurta a biya matalaucin da aka ɗauka aiki a ranar da ya yi aikin, tun rana ba ta faɗi ba, ko ɗan'uwa ne ko baƙo. Dalili kuwa, da wannan kuɗi zai sayi hatsin daren. Idan an hana shi ya kai kuka ga Allah, alhakin yana wuyan mai gona. Manzo Yaƙub ya ƙara da cewa ladan masu girbi da aka danne shi kansa yana kuka, Ubangiji kuwa yana ji.

A watan Yuli na shekara ta 2024 gwamnatin Nijeriya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a wata, daga naira 30,000 na 2019. Amma dokar ba ta shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi aikin gona na damina da kaka ba. Ashe ɗan ƙodagon da ya yi maka noma, da matar da ta yini tana sheƙe riɗi, da yarinyar da ke yi wa uwargida wanke-wanke, da ɗan ci-rani da ya ƙetaro daga Nijar, ba su da wata doka sai tsoron Allah da ke zuciyarka. Kai mai gona, in kun yi jinga, kada ka rage bayan an gama. Kada ka ce masa ya dawo ran kasuwa alhali kuɗi suna aljihunka. Ba kyauta ka ke yi masa ba. Nasa ne ka riƙe.

Na biyu, wanda ya rasa aiki ɗan'uwanmu ne. Cikin Matta sura 20 Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mai gonar anab, wanda ya fita da la'asar ya iske mutane tsaye a kasuwa. Da ya tambaye su, ashe ba wanda ya ɗauke su ne. Ya ɗauke su, da yamma ya ba su ladan yini cikakke. Misalin a kan alherin Allah ya ke, amma ya nuna mana yadda Allah ya ke duban mai neman aiki.

Mun san irin waɗannan mutane. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Ma'aikatanta sun yi shekaru suna jiran kuɗin sallama, waɗansu har suka mutu ba su karɓa ba. Kusa da mu ma, an rufe iyakar Maigatari daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 aka buɗe. Manyan fatake suna da ajiya. Ɗan dako kuwa, ranar da mota ba ta shigo ba, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Domin haka duk mai bi da zai sallami ma'aikaci, ya gaya masa da wuri, ya biya shi hakkinsa duka. Ekklesiya kuma kada ta kira marasa aiki ragwaye. Ta tambaya tukuna, kamar yadda mai gonar nan ya tambaya.

Na uku, haɗa kai domin neman hakki ba tawaye ba ne. Waɗansu 'yan'uwa suna tsammani mai bi ba shi da ruwa da ƙungiyar ƙwadago, tun da an umurce mu mu yi biyayya ga masu mulki. Amma ku duba Nehemiya sura 5. Talakawa da matansu suka ta da babban kuka, gama sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa da haraji. Nehemiya bai kore su ba. Ya kira babban taro, ya tsauta wa manya, ya sa suka mayar da gonakin.

A ƙasarmu ma haka aka samu yawancin hakkin da ma'aikata ke ci. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa, irin waɗanda ke aiki a layin Kano zuwa Nguru da ya ratsa ta Gagarawa, tare da sauran ma'aikatan gwamnati, suka yi yajin aiki fiye da kwana 40 saboda tsadar abinci bayan yaƙi. Michael Imoudu yana cikin shugabanninsu. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. A 1978 aka kafa ƙungiyar NLC. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wajen 2017 manoman Gagarawa da na kewaye suka haɗa murya a kan fili mai faɗin hekta 12,000 da gwamnatin Jigawa ta ba wani kamfani domin noman rake, suna kukan gonakinsu da diyya. Masana'anta abin so ce idan ta ba samarinmu aiki. Amma gona ita ce rumbun talaka da gadon 'ya'yansa. Wajib ne a yi shawara da shi, a biya shi abin da zai tsaya da shi, gama wanda ya koma ɗan ƙodago a gonar ubansa ba shi da inda zai koma ranar da aka sallame shi. Mai bi da ke cikin ƙungiya kuwa, sai ya zama gishiri a cikinta: ya yi aikinsa da aminci, ya faɗi gaskiya, ya ƙi ɓarna, ya ƙi toshiyar baki.

Na huɗu, ƙasa ma tana da hakki. Cikin Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umurta a bar gona ta huta a shekara ta bakwai, ya kuma ce ƙasar tasa ce, mu baƙi ne a kanta. Kakanninmu su kan bar saura, su kan kuma bar gawo a tsakiyar gona, domin yana zubar da ganye da damina ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi da rani. Yanzu gatari da buhun gawayi sun rage itatuwa, iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana rufe shuka. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa babbar katangar itatuwa a bakin hamada, Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aikin ya shafa. Amma itacen da ba a yi wa shinge ba, na awaki ne. Idan gona ta mutu, mai ita ya kan sayar da sa ya ci. Ɗan ƙodago shi ne na farko da zai ɗauki jaka ya nufi Kano. Wanda ya wahalar da ƙasa, talaka ya cuta.

'Yan'uwa, Mai Cetonmu Yesu Kristi masassaƙi ne, ya san gumi da gajiya. Ya biya bashin zunubinmu duka, bai ce mu dawo gobe ba. Kafin Lahadi mai zuwa kowa ya zauna ya yi lissafi. In akwai ladan wani a hannunka, kai masa tukuna, kana ka kawo baikonka, gama Allah ba ya murna da baikon da aka ɗebo daga gumin wani. Dattawan ekklesiya su rubuta sunayen waɗanda suka rasa aiki, su ziyarce su. Kowane gida kuma ya dasa itace da damina, ya kiyaye shi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu hannu mai biya da zuciya mai tausayi. Ka ba marasa aiki abincin yini, ka ba masu mulki adalci, ka rayar da ƙasarmu. Cikin sunan Yesu. Amin.