Ilimi yana da mai shi?

Ya kai mai karatu, salular da ke aljihunka tana aiki da wani rubutu da aka zuba cikinta. Sunansa manhaja. Wasu kamfanoni suna kulle tasu. Ka biya, ka yi aiki da ita, amma ba ka da izinin buɗe ta, balle ka gyara.

A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ce a bar manhaja a buɗe, kowa ya duba, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, ya sakar ma duniya. A kanta aka gina Android.

Masu kullewa suna da hujja. Sun ce sun sha wahala, sun biya ma'aikata, da me za su ci? Gaskiya ne, gumi yana da lada. To amma in ka ba maƙwabcinka tiyar hatsi a Azarori, rumbunka ya ragu. In ka koya masa ajiyar albasa cikin rudu, me ya ragu gare ka?

Dubi albasar Galmi, wadda ake nomawa har Madawa. Kakanni suka zaɓi irinta, shekara bisa shekara, suna miƙa ma juna, babu takarda. Wani kamfanin iri na Sanagal ya nemi hukumar OAPI ta rubuta masa ita a matsayin tasa. Manoman Nijar suka tashi suka ce ba su yarda ba. Tilas kamfanin ya saki sunan Galmi.