Kitse Halal Ne, Amma Wa Muke Zuba Wa?



Jiya bayan Magariba wani dattijo a nan Sundimina ya tare ni, ya ce: "Malam, na je asibiti a Birnin Kudu, likita ya hana ni kitse. Abin da Allah Ya halatta ne zai haramta mini?" Na ce: "Baba, bai haramta ba, lafiyarka yake tattali."

'Yan'uwa, kitse halal ne gare mu. A Suratul An'am, aya ta 146, Yahudawa aka haramta wa wani sashe na kitsen shanu da tumaki saboda zaluncinsu. Mu kuwa an bar mana shi, kuma jikinmu ba ya rayuwa sai da shi. Kowace ƙwayar halitta da ke jikinka, da maiƙo aka kewaye ta. Ƙwaƙwalwa, in ka cire ruwanta, fiye da rabinta maiƙo ne. Bitamin A mai kare yaro daga dundumi, da D da E da K, hanji ba ya tsotse su sosai sai da mai a cikin abinci. Kusan rabin ƙarfin da jariri ke samu a nonon uwa daga maiƙo yake. Subhanallah!

To amma dubi rabon gidajenmu. In an yi yanka, kitse da romo mai maiƙo kwanon maigida suke tafiya, mutumin da ya haura hamsin, yana fama da hawan jini. Shi kitsen nan in ya yi yawa yana taimakawa wajen toshe masa hanyoyin jini, har a kai ga shanyewar ɓarin jiki. Mai jego da yaran da ƙwaƙwalwarsu ke girma kuwa, sai tuwo da miyar kuka ba ko ɗigon mai. Wannan adalci ne?

Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya hana mu almubazzaranci, kuma kowane magidanci za a tambaye shi kan iyalinsa. Ga man gyaɗa, ga manja, ga man shanu. Cokali ɗaya a kunun yaro sadaka ce. Kai kuma Baba, rage naka, ka je a riƙa auna jininka.

Yau da daddare ka leƙa kwanon 'ya'yanka kafin ka buɗe naka.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raya mana zuri'a. Amin.