Shawarar Abokai: Irin ta Tumaki ko ta Zuma?

Kowanenmu ya taɓa zama a majalisar abokai, a gindin itace ko a ƙofar shago, inda a kan yanke magana ba tare da an ce an yanke ba. Wani ya ce, "Wane ya ci amana, mu daina hulɗa da shi." Na biyu ya ce haka ne. Sauran su yi shiru, shirun nan kuwa a lissafta shi cikin yarda. Kafin gari ya waye mutum ya rasa abokai bakwai, alhali biyu kaɗai suka yi magana, cikinsu ma ba wanda ya gani da idonsa. In aka tambaye mu daga baya, sai mu ce, "Ai jama'a ce ta ga dama."

Mu kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne, amma yawa iri biyu ne, dabbobi kuwa sun nuna mana duka biyun.

A shekarar 2005, a gabashin ƙasar Turkiyya, tunkiya guda ta faɗa daga kan dutse, sauran garken suka bi ta, wajen 1,500. Kimanin 450 suka mutu. Na baya sun tsira ne kawai domin sun faɗa bisa gawar na gaba. Bakinsu ɗaya, amma tunkiya guda ce ta zaɓa.

Yanzu bari mu dubi ƙudan zuma. Sa'anda suka yi yawa a amya, sai kashi guda ya tashi tare da sarauniya, su dunƙule a reshen itace. Daga nan waɗansu kaɗan, 'yan ɗaruruwa, su fita neman masauki. Wanda ya sami kogo ya kan komo ya yi rawa a kan 'yan'uwansa, rawar ce ke nuna inda wurin ya ke. In wurin ya yi kyau, rawar ta daɗe. Wani Bajamushe, Martin Lindauer, ya bi su da ƙafa a birnin Munich wajen 1950, daga baya Thomas Seeley na Amurka ya ƙara bincike. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, wanda ya ga rawar ba ya kama rawa nan take. Sai ya tashi ya je ya duba kogon da kansa tukuna. Mai rawar kuma ba ya nacewa har abada. Ya kan rage, ya bari, ko da wurinsa ne mafi kyau. Sarauniya kuwa, duk da sunanta, ba ta da ta cewa a cikin zancen.

Kada mu yabi dabbobi fiye da kima. An lura da kyarketai a Botswana, aka buga labarin a 2017: da atishawa su ke nuna yarda kafin su tashi farauta. In babba ne ya fara, atishawa uku ta isa. In ƙarami ne, sai wajen goma. Mun san wannan hali, gama a majalisarmu ma maganar mai sayen shayi ta fi nauyi.

Amma tunkiya ba ta san tana bi ba. Mu mun sani. A 1951 Solomon Asch ya gwada ɗalibai a Amurka. Ya nuna musu layuka, ya ce su faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da wani, bayan ya riga ya shirya da sauran mazauna ɗakin su ba da amsar ƙarya. Wajen kashi uku cikin huɗu suka bi ƙaryar, ko da sau ɗaya, idonsu kuwa yana ganin gaskiya. Ba mugunta ba ce, kunya ce da tsoron zama saniyar ware, irin wadda ta rufe bakin mutum biyar ɗin nan a gindin itace. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin ɗakin ya faɗi amsar gaskiya, sai yawancin ɗaliban suka sami bakin faɗin abin da suka gani.