Abin da Yaro Zai Tafi da Shi

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14

Ɗan'uwa mai karatu, a arewacin Omdurman, ƙetaren kogin Nilu daga Khartum, akwai wata babbar unguwa da ake kira Alsawra. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, ya rufe makarantu. A watan Oktoba na shekarar, UNICEF ta ce yara wajen miliyan 19 ba sa zuwa aji a ƙasar. Alsawra ta zauna a hannun sojoji, sai masu gudu daga wasu unguwanni suka cika ta, ga kuma bama-bamai ana harbo mata. Maƙwabta suka haɗa hannu suka kafa wuraren dafa abinci kyauta, waɗanda suke kira takaya, mutane suna bin layi da kwanoni. Sai a watan Maris 2025 sojoji suka karɓe Khartum. Yaron da yake aji ɗaya sa'ad da aka fara harbi ya yi kusan shekara biyu yana jin ƙarar bindiga.

Kada ka ce wannan labarin nesa ne. A Kuriga ta jihar Kaduna, a watan Maris 2024, har 'yan firamare aka kwasa zuwa daji. To, me ka sa a cikin ɗanka mai shekara bakwai da zai tsaya ranar da ba makaranta, ba malami, watakila kai ma ba ka nan?

Dubi yarinyar nan ta karatunmu. Maharan Suriya suka kamo ta daga ƙasar Isra'ila, ta zama baiwar matar Na'aman. Ba a faɗi sunanta ba. Ba ta fito da komai a hannu ba, amma ta san akwai annabi a Samariya, ta san Allah yana warkarwa, ta kuma iya buɗe baki ta yi wa uwargijiyarta magana. Abin da ya fi ba ni mamaki, shugaban sojojin da suka raba ta da gida ne take nema wa lafiya. A ganina wani ne ya koya mata waɗannan tun tana gida, lokacin da ake zaman lafiya, bai kuwa san inda za su yi amfani ba.

Mu iyaye mukan yi kuskure iri biyu. Wani yana tsammani bulala da tsawa ne suke sa yaro ya yi ƙarfi. Yaro ya faɗi, a ce masa namiji ba ya kuka. Irin wannan yaro yakan koyi ɓoye tsoro ne kawai, ranar da wani mugu ya taɓa shi ba zai gaya wa kowa ba. Dawuda jarumi ne, amma ka duba yawan kukan da ya kai gaban Ubangiji cikin Zabura. Wani uban kuma, saboda shi ya sha wuya, ba ya barin ɗansa ya ɗauki ko tsintsiya. Shi ma ya cuce shi.

Fara da ƙananan abubuwa. Bari ya wanke kwanonsa, ya je kanti ya ƙirga canji da kansa. In lissafi ya gagare shi, zauna kusa da shi, amma kada ka karɓe fensir. Ya haddace cikakken sunanka da sunan unguwarku da lambar wayarka. Ya koyi yin addu'a da bakinsa, ba maimaita taka kaɗai ba. In ya dawo daga makaranta da hawaye, ka saurare shi tukuna kafin ka yi wa'azi. Malaman makarantar Lahadi, wannan aikinku ne ku ma.

Sai dai mu yi hankali da yabon juriyar yara, kada ya zama mana mafaka. Yarinyar ta yi abin kirki a gidan Na'aman, duk da haka sato ta aka yi, zunubin kuwa yana kan manya.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da yaran Alsawra da na Kuriga, ka ba su barci marar firgita. Cikin sunan Yesu. Amin.