Hawan Dutsen Kagoro: Kallo ko I'itibari?

Malaman Musulunci sun daɗe suna bambanta yawon buɗe ido da tafiyar i'itibari, wato tafiyar da ake yi domin a dubi kufan mutanen da suka shuɗe a ɗauki darasi, kuma Dutsen Kagoro da ke kusa da Kafanchan wuri ne da wannan bambanci yake fitowa fili. Kakannin Agworok, waɗanda Hausawa ke kira Kagoro, sun zauna a kan dutsen da cikin kogunansa saboda tsoron mahara masu farautar bayi, har zuwa farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka matsa musu su sauko. Saboda haka tsayin da ke burge baƙo a yau, wahala ce ta sa aka zaɓe shi.

A nan ne nauyi yake hawa kan matafiyi, musamman Bahaushe, wanda wataƙila tarihin ƙasarsa yana da hannu a waɗancan hare-hare, domin kuwa ba daidai ba ne ya ɗauki mafakar kakannin wasu a matsayin wurin ɗaukar hoto kawai. Kiristanci, addinin mafi yawan Kagoro a yau, shi ma yana girmama tunawa da magabata, kuma bikin Afan da suke yi kowace ranar 1 ga Janairu yana riƙe da wannan alaƙa da dutsen. Wanda zai hau, ya fara neman izinin masu wurin, ya kuma saurari tarihin daga bakinsu.